Wata na Goma Sha Uku a Gidan Awasthi

A taƙaice, kamar yadda za a rubuta a bangon fayil: Brijnandan Awasthi, mai shekara saba'in da huɗu, tsohon malamin harshen Sanskrit a wata makaranta mai zaman kanta a birnin Kanpur, ya jinginar da gidansa na unguwar Gwaltoli ga wani banki, bisa tsarin nan da banki ke biyan mai gida wata-wata, ba a neman ko rupi ɗaya daga hannunsa muddin yana raye kuma yana zaune a ciki. Sharaɗi na goma sha ɗaya ya tanadi cewa idan mai gida ya yi shekara guda a jere bai kwana a gidan ba, lokacin biyan bashi ya yi. Awasthi ya yi shekara guda da kwana biyar. Banki ya nemi kuɗinsa, aka yi gwanjon gida, aka rufe fayil. Babu wanda ya karya doka, babu kuma wanda ya yi ƙarya a rubuce.

Abin da fayil bai ɗauka ba shi ne yadda aka samo kwana biyar ɗin.

Shekara tara kafin haka matarsa Saroj ta kamu da ciwon ƙoda, a daidai lokacin da makarantar da ya yi wa aiki tun yana saurayi ta sallame shi da mayafin ulu, da kwakwa guda, da jawabi mai tsawo. Fansho ba ya cikin kyaututtukan. Ɗansu tilo, Sudhakar, yana aikin akanta a wani kamfani a Noida, yana fama da bashin nasa gidan, Awasthi kuwa irin mutanen nan ne da suka gwammace su kwana da yunwa da su buɗe baki su roƙi ɗan da suka haifa. Sai ya tafi banki. Aka ba shi dunƙulen kuɗi na asibiti, aka yanka masa rupi dubu goma sha biyu a kowane wata.

Maƙwabcinsa na jikin katanga, Iftikhar Husain, tsohon ɗan kasuwar fata, shi ya raɗa wa abin suna jinginar baibai.

"Panditji, ni duk rayuwata banki nake biya," in ji shi. "Kai kuwa ka samu banki yana biyanka. Wace addu'a kake yi ne? Ka rubuta min, ko da Sanskrit ce zan haddace."

"Ka daina taɓa fatar matattun dabbobi tukuna, Miyan, sannan mu yi magana," in ji Awasthi. Haka suke kiran juna: Panditji laƙabin girmamawa ne na malamin Hindu, Miyan kuwa na Musulmi.

Sudhakar bai ji labari ba sai bayan an sa hannu. A waya ya ce wa uban, "Babuji, kun sayar da gidan kakana a kan kuɗin cefane." Daga ranar kiransa ya koma na bukukuwa kawai, gajere, mai ladabi. Da Saroj ta rasu ya zo ya yi kwana goma sha uku na makoki ba tare da ya rage komai daga al'ada ba, ya kama hanya da sassafen na goma sha huɗu.

Kada a ɗauka Awasthi bai san da sharaɗi na goma sha ɗaya ba. Ya karanta shi sau biyu, har ya gyara wa jami'in banki wata waƙafi. Sai dai shekara, a wurinsa, ba ta rataye a bango a kalanda mai hoton kamfanin siminti. Tana cikin littafin ranaku mai rawayar takarda da ake aiko masa daga Varanasi, wanda mutanen unguwa ke zuwa ya duba musu ranar ɗaurin aure, ranar sayen babur, ranar aske gashin jariri. A cikin wannan littafi shekara tana tashi daga biki ta dawo kan bikin. Kwanan wata na ofis ya san shi don abu biyu: ranar shigowar kuɗin banki da ranar biyan kuɗin wuta.

Kwana biyu bayan Holi, bikin watsa wa juna kala, tsakar gida na jiƙe da ruwan da aka wanke kaloli, ya fito da butar shayi a hannu, santsi ya kwashe shi. Iftikhar ya ji faɗuwar ta kan katanga, ya shigo, ya kira Noida. Kafin la'asar Sudhakar ya iso da motarsa. Ya taɓa ƙafafun mahaifinsa, gaisuwar ɗa ga uba, ya durƙusa, ya ce, "Babuji, ku riƙe wuyana." Haka ya ɗauke shi cak zuwa mota, aka bar wa Iftikhar makulli. A hanya, duk da zafin ƙashin kwankwaso da ya karye, Awasthi ya lura cewa rabonsa da ya ji ƙamshin gashin ɗansa tun yaron yana firamare.

A Noida aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Surukarsa Vandana ta bar masa ɗakin da ke kallon gabas a hawa na goma sha huɗu, ta daina sa albasa da tafarnuwa a girkin gidan gaba ɗaya saboda shi. Kullum da yamma Sudhakar zai dawo daga aiki, ya naɗe hannun riga, ya ɗumama mai, ya murza masa ƙafar tun daga idon sawu har gwiwa. Amma ba man ne ya gama da dattijon ba. Wata rana ɗan ya shigo da sabon littafin ranaku, ya ajiye masa a cinya.

"Babuji, muna so mu canja mota. Ku duba mana rana mai kyau."

Wannan yaro, tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake kiran littafin jadawalin jirgin ƙasa na taurari. Awasthi ya sa tabarau, ya daɗe yana neman shafin da ya sani sarai.

"Ya shiryu, Miyan," ya gaya wa Iftikhar a waya. "Shekaru ne suka zo masa da hankali."

"Madalla. To yaushe za ka dawo? Tattabaru sun kafa gwamnati a baranda, har sun fara raba ma'aikatu."

"Da zarar ƙafa ta ɗauke ni."

Ƙafa ta ɗauke shi bayan wata huɗu, da sanda. Ya ce zai koma. Likita, wanda abokin Sudhakar ne, ya ce damina ce, tsakar gida mai santsi ita ta jawo wannan tun farko. Kuma a wannan shekarar, kamar yadda yakan faru duk bayan shekara uku ko kusa da haka, littafin ya ƙara wata guda a tsakiyar damina don wata ya cim ma rana. Ba a fara komai a watan ƙari, ba a shiga gidan da ya daɗe a rufe. Sudhakar ne ya tuna masa, cikin sigar tambaya, Awasthi kuwa ya ji daɗin tambayar har ya yi masa bayani na rabin sa'a. Bayan haka makonni biyu na tunawa da magabata suka zo, Sudhakar ya ce bai iya yi wa mahaifiyarsa sadakar ruwa da shinkafa daidai ba sai da mai nuna masa. Sai bikin Diwali, wa zai bar uba ya kunna fitila shi kaɗai? Sai sanyi da hazo. Sai watan da rana ke raunana, wanda shi ma ba a soma tafiya mai muhimmanci a cikinsa. Babu ko ɗaya daga cikin dalilan nan da yake ƙarya. Dukansu suna cikin littafin, ko a bakin likita, ko a taga.

Da sanyi ya fara sauka, Awasthi ya yi maganar a fili, suna zaune a baranda Sudhakar na ɓare masa lemo.

"Sudhakar, dole in kwana a gidana kafin Holi. Akwai sharaɗin banki na shekara guda. Bayan Holi na fito, kafin Holi zan koma."

Hannun Sudhakar ya tsaya a kan ɓawon lemon na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

"Ku kuka fi mu sanin lissafin shekara, Babuji."

Wannan ma ba ƙarya ba ce. Sai dai watan ƙarin nan ya tura Holi gaba da fiye da mako biyu a kalandar bango, kuma mutumin da aikinsa rufe littattafan kamfani a ƙarshen kowane wata ba ya bukatar a gaya masa haka. Shi kuwa Awasthi ya san da watan ƙarin, ya yi azumi a cikinsa, amma a wurinsa watan yana cikin shekara kamar yadda baƙo yake cikin gida: an ƙara tabarma, gidan bai zama biyu ba.

Duk da haka ya so ya tafi da wuri. Ba ya iya hawa jirgin ƙasa shi kaɗai da sanda, sai a mota. Sudhakar ya ce ofis ya yi zafi, ba shi da rana sai Asabar, ya kai shi ya kwana ya juyo Lahadi.

"Asabar kuma? Kanpur gabas take. Ba a fuskantar gabas ranar Asabar ko Litinin, ai ni na koya maka."

"Af, na manta. To bari in nemi hutun wata Juma'a."

Juma'ar ta samu, saura kwana goma Holi. Awasthi da kansa ya duba ta ya ga tana da kyau. A Litinin ɗin makon, Sudhakar ya shigo ɗakinsa da asuba da jakar tafiya, ya ce kamfani ya tura shi Jaipur, zai dawo da dare. Dattijon ya dafa masa kai, ya ce ya yi dace, Jaipur yamma take, Litinin kuwa babu abin da ya fi ta kyau ga mai tafiya yamma.

Ranar Juma'a da azahar suka shiga Gwaltoli. Sudhakar ya sauke shi da akwatinsa a ƙofar Iftikhar, ya ce zai je ya gaida wani tsohon aboki, sai yamma. Iftikhar ya fito da makulli a hannu. Ya rame, ya ƙara furfura, kuma bai yi masa ba'a ko ɗaya ba, abin da ya sa Awasthi ya tsargu.

"Lafiya, Miyan? Ko tattabarun sun yi maka juyin mulki?"

"Shigo ka zauna tukuna."

"Zan zauna a gidana."

"To tsaya ka ji a tsaye. Na ɗauka da saninka ne, shi ya sa ban kira ba. Ranar Litinin ɗanka ya zo ya karɓi makullin nan. Shi da wani daga banki mai ɗaukar hoto da waya, da wani mai tumbi da igiyar awo. Na bankin ya ɗauki hoton kwaɗon ƙofa, da ƙurar ɗakinka, da mitar wuta. Ya tambaye ni yaushe rabonka da kwana a nan, na faɗa masa, don ban ga abin ɓoyewa ba. Mai tumbin kuwa har katangata ya auna. Na ce masa wannan tawa ce, ya ce sai a hankali, Alhaji."

"Wace Litinin?"

"Wannan da ta wuce."

"Yana Jaipur ranar Litinin."

Iftikhar ya dube shi, ya dubi makullin.

"To Jaipur ta matso kusa, Panditji. Na ba shi shayi a nan inda kake tsaye."

Awasthi ya karɓi makulli, ya buɗe ƙofarsa, ya zauna a kan gadon igiya a tsakar gida ba tare da ya kaɗe ƙurar ba. Da yamma Sudhakar ya kira ya ce abokin ya riƙe shi, zai kwana can.

Washegari Awasthi ya tafi banki a keke mai ƙafa uku, da littafin ranaku a hammata. Manajan reshen, wani Nigam mai jan zare ɗaure a wuyan hannu, ya tashi tsaye ya tarbe shi, ya aika a kawo shayi, ya saurari bayanin watan ƙari daga farko har ƙarshe cikin girmamawa ta gaske.

"Panditji, ni kaina na yi azumi a watan nan, matata ta yi sadaka talatin da uku. Amma na'urarmu ba ta san shi ba. Ita wata goma sha biyu aka koya mata."

"Kwana biyar ne, ɗana. Ga ni na dawo. Daren jiya a gidana na kwana."

"Da a ce kwana biyar ne kawai, da mun kau da kai. Wa yake da lokacin bin tsofaffi yana ƙirga musu kwana? Sau da yawa shekara biyu ma takan wuce ba mu leƙa ba. Amma iyali ne da kansu suka sanar da mu tun watanni uku da suka wuce cewa kun koma Noida saboda rashin lafiya, da shaidar likita, suka nemi a zo a duba ranar da shekara ta cika. An duba, an tura babban ofis. Yanzu abin ya fi ƙarfin teburin nan."

"Iyali."

"Ɗanku. Mutum mai tsari ƙwarai." Nigam ya tura masa faranti na biskit. "Kada ku damu, doka ta ba ku dama ta farko: ku biya, gida ya zauna a hannunku. Miliyan uku da rabi ne da 'yan kai. Na fahimci ma an riga an samo mai biya."

Sudhakar ya same shi a tsakar gida da la'asar. Ya sunkuya zai taɓa ƙafarsa, Awasthi ya janye ta ƙarƙashin gado, abin da ya sa masa zafi har cikin ƙarfen.

"Yaya Jaipur?"

Sudhakar ya miƙe, ya jawo kujera. Bai musa ba, kuma a yi masa adalci, bai yi kuka ba.

"Babuji, ku saurare ni sau ɗaya a matsayin wanda ya san lissafi. Duk watan da kuka karɓi dubu goma sha biyu, kuɗin ruwa kaɗai yana hawa kusan dubu talatin. Banki yana cin gidan nan ɗaki-ɗaki kuna zaune a ciki. Nan da shekara goma ko ƙyauren ƙofa ba zai rage ba."

"Ashe laifina daɗewa."

"Ban ce haka ba. Sau nawa na so mu yi maganar? Kun taɓa bari? Akwai mai gine-gine, Chawla, zai ba da miliyan goma sha huɗu. A biya banki, sauran ya shigo gida. Ku dawo Noida, ɗakinku yana nan, Vandana ko labulen ba ta canja ba. Hannu kawai za ku sa."

"Da ka ce min ranar nan a baranda, Babuji, shekarar banki ba taku ba ce, da me zai faru?"

"Da kun dawo nan kun zauna, kun sake faɗuwa wata rana ba kowa."

"A gidana."

"A gidan banki, Babuji."

 Daga bayan katanga ana jin Iftikhar yana tari irin na wanda yake so a san yana nan.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Man da kake murza min kullum, da littafin da ka sayo, da sadakar mahaifiyarka. Su ma suna cikin lissafin?"



"Duka biyun gaskiya ne," in ji Sudhakar. "Ina so ku warke. Kuma ina so ku daɗe a can."

Da ya ce ƙarya ce duka, da Awasthi ya san inda zai ajiye shekarar nan, ya yar da ita gaba ɗaya. Yanzu kuwa an bar masa ita a cuɗe, ba zai iya tuna yamma ɗaya mai daɗi ba sai ya tambayi kansa kashi nawa ne nasa a ciki.

"Tashi ka kama hanya tun da sauran haske," ya ce. "Asabar ce, kai yamma za ka. Babu abin da zai same ka."

Bai sa hannu ba. Sudhakar ya turo kawunsa na wajen uwa, ya turo likitan, ya turo Vandana da kwanon abinci tun daga Noida. An karɓi abincin, an mayar da kwano a wanke. Iftikhar ma, wanda ba ya cikin 'yan aike, ya gwada.

"Panditji, gidan ya tafi ko ta wace hanya. Ka sayar da tsada mana, ka riƙe kuɗinka, ka hana yaron. Wannan fushin naka Chawla kawai zai yi wa amfani."

"In na sa hannu, Miyan, dabararsa ta yi aiki ke nan."

"In ba ka sa ba fa?"

"Ta yi aiki, amma ba da hannuna ba."

"Wallahi da a kasuwar fata kake, da mako guda ka karye."

Banki ya ba da wa'adi, ya ƙara wani, ya liƙa sanarwa a ƙofa, ya buga a jarida. Awasthi ya zauna a gidan har ranar ƙarshe da doka ta yarda, yana share tsakar gida da hannu ɗaya, ɗayan a kan sanda. A ranar gwanjo mutum uku suka yi tayi, biyu daga cikinsu ma'aikatan na ukun ne. Chawla ya saya. Bayan mako biyu Awasthi ya koma wani ɗaki na haya a Bithoor, a bakin kogin Ganga, a hawa na ƙasa, inda babu wanda ya san yana da ɗa sai in ya faɗa, kuma ba ya faɗa.

Lissafin abin da aka kashe shi ne kamar haka. Abin da Awasthi ya karɓa daga banki cikin shekara tara: kusan rupi miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. Abin da aka biya banki, har da kuɗin ruwa: miliyan uku da dubu ɗari biyar da sittin. Kuɗin lauya, talla da mai gwanjo: dubu ɗari biyu da arba'in. Farashin gida a gwanjo: miliyan tara da dubu ɗari biyu, wato ƙasa da tayin farko da miliyan huɗu da dubu ɗari takwas, waɗanda suka zauna a aljihun Chawla. Abin da ya rage wa Awasthi: miliyan biyar da dubu ɗari huɗu, yana ajiye a wani bankin dabam. Abin da Sudhakar ya samu: babu. Hayar ɗaki a Bithoor: dubu shida a wata, ban da wuta. Motar da ta kwashe kaya daga Gwaltoli: dubu huɗu da ɗari biyar, Iftikhar Husain ne ya biya, kuma bai yarda a mayar masa ba.